Mai Makaranta Ba Shi da Gemu

Tun da na dawo daga Kumasi ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta ƙofar shagon Nafi'u, kafin in gyara zama wani zai ce, "Sagir, wai da gaske can ma Hausa suke yi?" Wani kuma ya ce, "Ina tsarabarmu?" Na ba da labarin nan guntu-guntu har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Ranar nan na ji ana cewa wai wata tsohuwa ta biyo ni da muciya. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, mai son ji ya karanta, ni kuma in sha shayina cikin kwanciyar hankali.

Bari in fara da abin da ya kai ni. A kamfanin haɗa manhaja nake aiki, amma ba ni ne mai zama gaban kwamfuta yana ƙwanƙwasa ba. Ni ake turawa tun kafin a rubuta ko layi ɗaya, in je in gano su wa abin ya shafa, me kowa yake so, me ya sa yake son sa, kuma wa ya dogara da wa. A wurin aiki masu ruwa da tsaki muke ce musu. Kamar awon tela ne: in ka yanka yadi kafin ka gwada mutum, to wani ka ɗinka wa riga. Mahaifiyata har yau in aka tambaye ta sana'ata cewa take, "Tambaya yake yi a biya shi."

Wani bawan Allah mai suna Muntari ne ya nemo mu. Haifaffen Zangon Kumasi ne, amma ya daɗe a Jamus. Shi da wasu tsofaffin ɗaliban wata makarantar allo da ke zaune a Turai suna son manhajar da 'ya'yansu za su yi karatu ta waya a makarantar da iyayensu suka yi. 'Yarsa ta isa karatu, ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, kuma abin yana cin ransa. Da muka yi waya ya ce min, "Malamai sun yarda, iyaye sun yarda. Mai Makaranta ne kawai ya ki. In bai yarda ba, ba abin da za a yi koraa, sam-sam. Ka je ka sauka gidan shi, ka san abin da ya ke so." Na tambaye shi me ya hana ya kira da kansa su daidaita. Sai ya ce layin ba ya da kyau.

Ogana ya ce in hau jirgi. Na ce a'a, ni ƙasa nake son gani. Wannan maganar na tuna da ita sau da yawa a hanya, kuma ba da daɗi ba. Daga Kano na sauka Legas ƙafafuna sun kumbura, daga nan na shiga motar da ke bin gaɓar teku zuwa Ankara, babban birnin ƙasar da Kumasi take. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da Hajiya Ladidi, 'yar kasuwar turare da atamfa, wadda ta san hanyar nan fiye da direba. Kallo ɗaya ta yi min ta gane sabon shiga ne. Ta ce, "Ɗana, katin allurar shawara yana jikinka?" Na ce yana nan daram.

Yana nan ɗin, amma a ƙasan jakata, jakar kuwa tana can cikin but, buhunan mutane sun danne ta. Da muka zo iyakar Binin aka ce kowa ya fito da kati, sai da aka sauke kayan rabin mota saboda ni. Ba wanda ya zage ni da baki. Da ido dai na sha. Hajiya Ladidi ta ce hanya ɗaya ce ta wanke laifi, ta nuna ƙunshin kilishin da na sayo don gaida Mai Makaranta. "Kilishi ba ya son ƙetare iyaka," in ji ta. Kafin mu fita daga Togo ya zagaya mota ya dawo, abin da ya rage bai fi tafin hannu ba. Amma fa an yafe min, har wani Bayarabe ya ba ni lambar wayarsa.

Abin da ya ba ni mamaki, a kowace iyaka, ko jami'i na Faransanci ko na Turanci, da ka waiwaya za ka ji mai shayi yana cewa, "A sa madara?" Na fara jin kaina kamar ɗan sarki mai zagaya gonakin ubansa. Ban san akwai inda wannan Hausar da nake taƙama da ita za ta kayar da ni ba.

A Ankara muka rabu da Hajiya, na kama motar Kumasi. Muna tashi wani mai wa'azi ya miƙe ya yi mana addu'ar hanya da Turanci da Tuwi, yaren mutanen can, na ce amin, don addu'ar sauka lafiya ba ta da bare. Yana zama mai maganin basir ya tashi, na ce to, ashe ban yi nisa da gida ba. A wani gari muka wuce taro, an kafa rumfuna, ana kiɗa, mata sun sha ja da baƙi suna rawa. Na ce wa na kusa da ni da Turanci, Allah ya ba ango da amarya zaman lafiya. Ya dube ni ya ce jana'iza ce. Mu a gida kafin labarin mutuwa ya gama zagaya unguwa an dawo daga maƙabarta. Su kuwa sai an shirya, an gayyato dangi, an yi anko. Ban sake yi wa kowa barka ba har Kumasi.

A tasha na hau keke mai ƙafa uku, wanda su suke kira piragiya. Direban na jin na ce Zango ya juya harshe. "Daga Nijeriya? Akwaaba, sannu da zuwa! Yau ina murna paa, mata na ya haihu." Na ce, "Wa ya haihu?" Ya ce, "Mata na. Ya haifi mace, ya yi kama da ni." Na yi masa barka ina danne dariya. A raina na ce, in na koma sai na ba 'yan majalisa labarin garin da mata suke "ya haihu". Ku riƙe wannan, don ni ban riƙe ba.

Zango kuwa gida ne da aka ɗauko aka dasa a cikin damina. Ga kiran salla, ga masu ƙosai, ga tsofaffi da carbi, amma ko'ina kore, kuma a magana ɗaya mutum zai bi ta Hausa, ya ratsa Tuwi, ya fito ta Turanci bai ja numfashi ba. In ka ce makaranta, ta allo suke ji. Ta boko sukuu ce. Na tambayi gidan Mai Makaranta, ba wanda ya ce wanne, aka nuna min wani tsohon gida mai faɗin tsakar gida, azuzuwa a gefe ɗaya, ɗakunan kwana a ɗaya gefen.

A ƙofar gidan na tarar da wani dattijo zaune a kan buzu. Farin gemu har ƙirji, rawani, carbi mai dubu. Ina ganinsa na ce alhamdu lillahi, tafiya ta yi kyau. Na cire takalmi, na durƙusa, na ce, "Allah gafarta Malam." Ya amsa da fara'a, ya karɓi guntun kilishina da hannu biyu, ya ce in shiga ciki Mma ta ba ni masauki.

Mma tsohuwa ce 'yar ƙarama, mayafinta ya koɗe, tana zaune a bakin madafa tana tsince wake, yara sun kewaye ta da alluna. Na ce a raina kaka ce ke gadin jikoki. Ta sa aka kawo min ruwa. Al'adarsu ce, baƙo ba ya magana sai ya sha ruwa, sannan mai gida ya tambaye shi abin da ke tafe da shi, ko da ya riga ya sani. Da na ajiye kofi ta ce, "To, Bakano, mene ne labari?"

Ni kuwa da ladabina na ce, "Mama, saƙon na Mai Makaranta ne. Sai na zauna da shi tukuna."

Ta dube ni na ɗan lokaci. Ta ce, "Yoo. Ka huta tukuna."

Ɗakin da aka ba ni yana kallon tsakar gida, kuma ban taɓa cin abinci irin na gidan nan ba. Da safe koko mai yaji da ƙosai. Da rana shinkafa da wake, wadda suka ce sunanta waakye, wato sunan namu ne, girkin nasu: an dafa ta da karan dafi ta yi ja, an ɗora taliya, gari, ƙwai, da wani baƙin yaji mai suna shito wanda ya sa na yi hawaye a gaban yara. Ranar da aka yi fufu na kama tauna, Mma ta ce, "Bakano, ba nama ba ne. Hadiye." Na haɗiye ina salati.

Aiki kuma na kama shi gadan-gadan. Na fara da Malam Fuseini, matashin malamin da ke riƙe da manyan azuzuwa. Damuwarsa data da wuta, don can ma ana ɗaukewa. Yana son abin da zai yi aiki a ƙaramar waya, kuma kada a ce ya koyar a lokacin hutunsa don agogon Turai ya sha bamban da nasu. Na je unguwar Sofoline wurin wata uwa mai sayar da abinci a bakin titi, 'ya'yanta uku a makarantar. Ita tsoronta kada malamai su koma kan 'ya'yan Turai su bar nata. Na je unguwar Buokrom wurin wani mahauci wanda ya ce shi dai a riƙa sanar da shi in ɗansa ya yi fashi. Iyayen Turai kuma ta waya suka ce a ɗauki karatu a ajiye, yaro ya saurara lokacin da ya samu sarari. Kowa da inda ke masa ƙaiƙayi, kuma abin da wani ke so shi ne abin da wani ke gudu.

Yadda muke yi, sai in zana kowa a cikin da'ira, in rubuta burinsa a gefe, in ja kibiya daga wanda ke buƙata zuwa wanda ke iya biya masa. Da na gama sai na ga duk kibiyoyin sun taru a da'ira ɗaya. Malamai ba sa ƙara wa yaro karatu sai Mai Makaranta ya ji shi. Iyaye ba sa yarda ɗansu ya iya sai Mai Makaranta ya faɗa. Don nishaɗi har na yi wa da'irar rawani da gemu.

Saboda haka kullum bayan La'asar ina kan buzun dattijon nan. Mutum ne mai daɗin zama. Ya ba ni labarin yadda suke koro shanu a ƙasa tun daga Dori har kasuwar Kumasi, da yadda ake gane saniyar da ta sha wahalar hanya. Na ce Malam yana da sha'awar kiwo. In na nuna masa zane ya ce, "Ya yi kyau paa." In na ce za a ɗauki karatu a ajiye a waya, ya ce, "Madalla." Da na matsa masa ya faɗi abin da shi kansa yake so, ya yi tunani ya ce in wayar za ta iya gaya masa ko an yi ruwa a Dori, zai ji daɗi. Na rubuta wannan ma, ina mamakin zurfin malamai.

Amma duk safiya sai Malam Fuseini ya tare ni ya ce, "Mai Makaranta ya ce a'a." In ce jiya fa ya ce madalla. Ya ce shi dai abin da ya ji ke nan. Muntari kuma yana ta aiko saƙo yana tambaya ko an dace. Ya ce abokansa sun fara cewa a haƙura, kowa ya nema wa ɗansa malami a inda yake. Shi kuwa ya ce in ba makarantar nan ba, bai san inda zai kai 'yarsa ba.

Raina ya ɓaci. Wata safiya ina shan koko a gaban Mma, na kasa riƙewa. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, amma Mai Makarantar nan baki biyu gare shi. A gabana ya ce to, a bayana ya ce a'a."

Ba ta ɗago daga wakenta ba. Ta ce, "Haka ya ke. Tsoho ne mai taurin kai paa."

Na ce, "Ai ko ke kin sani. Ni ban san yadda kike zama da shi ba."

Ta ce, "Da wahala. Amma ka tambaye shi dalili?"

Na ce, "Mutumin da ba ya ƙin komai a gabana, dalilin me zan tambaye shi?"

A nan wani yaro da ke karatu a bayanta ya ja wani wasali inda bai kamata ba. Ba ta waiwaya ba ta gyara masa, ta ci gaba da tsintar wake. Na ce a raina, ka ga albarkar zama da malami, har matarsa ta tsinci wani abu. Ta ƙara min ƙosai ta ce, "Ka ci gaba, Bakano. Matambayi ba shi bata."

Ranar da asiri ya tonu, na shimfiɗa babban zanena a aji don Malam Fuseini ya duba ko na manta wani. Ya bi kibiyoyin da yatsa har ya isa tsakiya. Ya tsaya. Ya ce, "Wane ne wannan mai gemu?"

Na ce, "Mai Makaranta mana."

Ya dube ni, ya dubi zanen, sai ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. Da ƙyar ya samu numfashi ya ce, "Mai Makaranta ba shi da gemu. Shi ne ya ke ba ka koko da safe."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Duk maganganun da na yi a bakin madafa suka dawo min ɗaya bayan ɗaya. Malam Fuseini ya ba ni labari yana share hawayen dariya: mahaifin Mma ne ya kafa makarantar, cikin 'ya'yansa ita ce ta haddace, ita ya bar wa. Dattijon ƙofa mijinta ne, Baba Issaka, tsohon dillalin shanu. Na so in ɗora laifin a kan Hausarsu, amma ban samu wurin ɗorawa ba. Su "ya" kawai suka ce. Gemun ni na zana shi da hannuna.

Na fita na sami Baba Issaka na ce, "Baba, ashe haka za ka yi min?" Ko a jikinsa. Ya ce, "Ka ce min Malam, na amsa, don ba a kin suna mai kyau. Ka tambaye ni ko ina so, ina so. Ka taba tambaya na ko ni ne?" Ya ƙara da cewa kilishin ma ya kai mata, ita ta ce ya cinye tunda shi aka ba.

Bayan Azahar na yi sallama a ƙofar ɗakinta, ɗakin da ban taɓa leƙawa ba. Littattafai ne jingim har kusa da rufi. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu. Ta sa aka kawo ruwa. Sai da na shanye ta ce, "To, Bakano, mene ne labari?"

Na faɗa mata komai, tun daga kiran Muntari. Sannan na yi tambayar da ya kamata in yi tun ranar farko. Na ce, "Mma, me ya sa kika ƙi?"

Ta ce ita ba ta ƙi waya ba, ga tata nan a ƙarƙashin matashi, da ita take gaisawa da 'yan'uwanta na Tamale. Abu biyu ne. Na farko, karatun da aka ɗauka aka ajiye. "Wannan ya na magana ne, ba shi ji. Yaro zai yi kuskure, waya ya ci gaba da karatun shi. Wa zai ce ma shi maimaita?" Na ce wannan mai sauƙi ne, sai a yi shi kai tsaye, kunne da kunne.

Sai ta shiga na biyun. Ta ce tun zamanin mahaifinta, ba a taɓa karɓar yaro a gidan nan ta hannun ɗan aike ba. Uba ne ke riƙo hannun ɗansa, ya shigo, ya sa hannun a cikin na malami, ya ce ga amana. In babu uba, uwa ko kawu. Daga ranar yaro ya zama nata, ta yi masa faɗa, ta yi masa addu'a. "Muntari ya aiko fanka. Ya aiko tabarmi. Yanzu ya aiko kai. Bakin shi ne kawai bai aiko ba." Ta ce yana saurayi, yana tsakiyar allo, aka wayi gari ya bi hanyar Libiya ko sallama babu. Ta yi ta addu'a kada ya mutu a sahara. Da labari ya zo ya isa Turai ta yi sadaka. Tun daga nan take jiran muryarsa.

Na ji tausayinta, na kuma ji tausayinsa. Na yi kwanaki ina tambayar mutane abin da suke so manhaja ta yi, ga shi babbar buƙatar gidan ba ta cikin zanena ko kaɗan. Na koma ɗaki na sake shi. Na goge gemun. A saman komai na rubuta cewa ba yaron da zai shiga sai uba ko uwa sun bayyana da shi ido da ido sun miƙa shi, kuma ba mai ƙara masa karatu sai Mai Makaranta ta ji shi ta ce ya wanke allo. Uwar nan ta Sofoline ma na samo mata amsa a wurin Mma: 'ya'yan Turai sai ranakun da na gida ke hutu. Na aika wa abokan aikina a Kano, suka ce duk wannan ba wuya. Na ce na sani, mai wuyar yana Jamus.

Na kira Muntari na gaya masa. Ya ce, "Sagir, ba zan iya ba. Da wane ido zan dube shi?" Ya ce sau da yawa yana danna lambarta ya kashe kafin ta shiga. Kunya ce ta yi shekaru tana ƙaruwa, yau ya ce gobe, har goben ta yi nauyin da ba ya iya ɗagawa. Na ce masa ni ɗan aike ne, kuma an gaya min gidan nan ba a karɓar yaro daga hannun ɗan aike. In yana son 'yarsa ta yi karatu a nan, hanya ɗaya ce. Ya ce zai yi tunani. Na shirya jakata ban san ko da aiki zan koma Kano ko da labarin fufu kawai ba.

Ranar Lahadi da hantsi wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo. Na ruga tsakar gida ba takalmi. Mma tana inda take zama, Baba Issaka ya taso daga buzunsa ya tsaya a bakin ƙofa. Na durƙusa na riƙe mata wayar. Ga Muntari, ƙaton mutum da furfura a gemu, ya sa hula kamar mai zuwa Idi. A gefensa wata 'yar yarinya da ɗan hijabi a karkace tana leƙe.

Ya buɗe baki ya ce, "Mma."

Ta ƙura masa ido. Na zaci faɗa za ta yi, ko kuka. Sai ta ce, "Muntari, ka yi kiba." Ya yi wata dariya mai haɗe da shessheƙa. Ya fara cewa ta yafe masa, ta katse shi. "Ba ka biya allon ka ba ka tafi. Ni ban ce ka wanke ba. Biya min."

Ya ce, "Mma, na manta."

Ta ce, "Ni ban manta ba." Ta ja masa farkon ayar da ya tsaya a kanta. Ya bi ta yana tuntuɓe, ta ce maimaita, ya maimaita. A karo na uku sai muka ji wata siririyar murya ta bi bayan tasa, tana kwaikwayon abin da ba ta san ma'anarsa ba. Mma ta tsaya cak. Ta ce, "Wannan kuma wa ya kawo shi makaranta?"

Muntari ya goge fuska da hannun riga. Ya kamo hannun 'yarsa, ya ɗaga shi har ɗan tafin ya cika allon wayar. Ya ce, "Sunan shi Memuna. Sunan ka na sa ma shi. Mma, ga amana."

Mma ta goge hannunta a zani, ta miƙo shi a hankali, ta ɗora tafinta a kan na yarinyar. Tafin nata ya sauka a kan jan maɓalli, kiran ya yanke.

Ba ta janye hannun ba, ta bar shi a kan baƙin gilashin har ta gama addu'ar da ake yi wa sabon ɗalibi, hawaye na bin kuncinta. Wayar ta fara ƙara a ƙarƙashin tafinta, Muntari ne ke sake kira. Ta shafa, ta dube ni ta ce, "Bakano, ka ce aikin ka tambayar abin da mutum ya ke so. To rubuta. Ka gaya wa mutanen ka su bar min wurin da zan sa hannu."